Isnadin Maki: Abin da Ɗalibi Ke Gamuwa da Shi Idan Ya Tashi Binciken Jarrabawa

A kowace shekara, idan ɗaliban kwalejojin horon malamai da na tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu suka kai ajin ƙarshe, akan wajabta wa kowannensu ya rubuta kundin bincike mai babi biyar, wanda su a bakinsu suke kira furojek, kafin a ba shi takardar shaidar kammalawa. Kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake jibge waɗannan kundaye, a Zariya ne ko a Kano ko a Sakkwato, ya bi sunayensu da ido a kan kanta, zai lura cewa kaɗan ne cikin mas'alolin ilimi suka samu farin jini irin wanda mas'alar jarrabawa ta samu. Wannan ya rubuta a kan satar amsa, wancan a kan dalilin faɗuwar yara a lissafi, wani kuma a kan gwaje-gwajen da ake yi a tsakiyar zango, waɗanda malamai da yara duka suka sani da C.A. Dalilin wannan rububi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibi yana ganin tun yana ɗan shekara shida ake jarraba shi, saboda haka babu abin da ya sani kamar jarrabawa. Sa'an nan yana ganin maki lamba ne, lamba kuwa ba ta ƙarya, abin da ya rage masa kawai ya je ya kwaso ta, ya zuba a kwamfuta, ya rubuta abin da ta ce.

To, a nan ne ya yi kuskuren farko, domin maki riwaya ne, kuma yana da isnadi kamar kowace riwaya. Kafin 63 ta zauna a gaban sunan yaro a takardar sakamako, sai da wani ya tsara tambaya, wani ya tsare ɗaki, wani ya duba amsa da jan biro, wani ya kwafe daga takardar amsa zuwa littafin maki, wani kuma ya tattara ya haɗa lissafi. Kowanne daga cikin waɗannan maruwaici ne, mai yiwuwa adali mai kiyayewa, mai yiwuwa kuma gajiyayye ne da aka ƙure wa lokaci, ko mai tausayi, ko mai tsoron abin da shugabansa zai ce. Malaman hadisi ba su taɓa yarda da matani don kawai ya zo a rubuce ba, sai sun bi mazajen isnadinsa ɗaya bayan ɗaya, har suka kafa fanni sukutum na jarhi da ta'adili domin wannan aiki. Ɗalibin da ya ɗauki jarrabawa a matsayin abin bahasinsa ya shiga irin wannan aiki ne, ko ya sani ko bai sani ba, alhali abin da ke hannunsa 'yan watanni ne, da kuɗin mota da bai taka kara ya karya ba, da wasiƙa guda daga shugaban sashensu.

Ya kamata a san inda tsarin da zai bincika ya samo asali. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, an kafa ta a 1952 bayan rahoton Dokta Jeffery na Jami'ar Landan, kuma ta gaji al'adar Turawan Ingila ta ɗora makomar yaro a kan zama guda a ƙarshen karatunsa. Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Ikko a 1969 ya soki wannan al'ada, sukar da ta haifar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, aka kuma soma aiki da tsarinta na 6-3-3-4 a 1982. Abin da manufar ta nufa shi ne a daina yanke wa yaro hukunci da abin da ya yi a yini ɗaya, wanda zazzaɓi ko firgita ke iya ɓatawa, a riƙa auna shi a kai a kai tun daga shigarsa har fitarsa, kuma awon ya haɗa da fahimtarsa da halayensa da aikin hannunsa, bisa rabon nan uku da ake jinginawa ga Benjamin Bloom da abokan aikinsa na Amurka tun 1956. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da littafin jagora a kan haka a 1985, kuma a jarrabawar kammala babbar sakandare, wadda aka fara a 1988, aka ware wa makin makaranta kashi 30 cikin 100, babbar jarrabawa ta ɗauki 70. Niyya ce kyakkyawa, babu mai musu. Amma ta mai da kowane malamin aji alƙali kuma magatakarda a lokaci guda, kuma littafin wannan magatakarda ne ɗalibinmu yake bukata ya gani.

Sai ya ɗauki wasiƙarsa ya nufi makaranta. Ya tarar da shugaban makaranta a ofis, bayan teburi, a gefensa ga kabad na ƙarfe wanda ƙofarsa ɗaya ba ta rufuwa, cike da manyan takardun maki an ɗaure su da igiyar leda, na ƙasa sun sha damina, gara ta ci gefensu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa wasiƙa da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, an turo ni ne daga kwaleji, ina neman a taimaka mini da makin 'yan aji uku na shekaru uku da suka wuce." Shugaba ya karanta a tsanake, ya ninke, ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "To, Malam, madalla, Allah ya ba da sa'a. Amma ka san mu ma a ƙarƙashin wasu muke. Ka je ofishin shiyya su rubuto mana, in sun rubuto babu abin da zai gagara." A ofishin shiyya a ce masa sai ma'aikata ta yi umarni, a ma'aikata a ce darakta ya tafi taro, ya dawo mako mai zuwa, kafin takarda ta sauko daga inda ta hau an shiga jarrabawar ƙarshen zango, babu malamin da ke da lokacin kallonsa, daga nan kuma sai hutu.

Mai karatu kada ya yi saurin zargin shugaban makarantar nan da mugunta, domin yana da uzuri biyu, ɗaya na fili ɗaya na ɓoye. Na fili shi ne makin yara amana ne a hannunsa, sunayen 'ya'yan mutane ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙarfafa abin da hankali ya riga ya hukunta, cewa ba a miƙa irin wannan ga duk wanda ya zo da wasiƙa. Ɗalibin da ya san aikinsa tun farko zai ce a rufe sunaye, a ba shi lambobi kurum, kuma wannan kaɗai yakan sassauta rabin gardamar. Na ɓoyen kuwa ya fi nauyi. Littafin maki shaida ne a kan yara, amma kuma shaida ne a kan malamai da shugabansu, domin da shi ake gane wanda ya yi gwaji da wanda bai yi ba, da shi ake yaba makaranta ko a tsangwame ta, a makarantun kuɗi ma da shi ake jawo iyaye. Wanda ya ce a buɗe masa wannan littafi ya ce ne a ba shi hujjar da za a iya kafawa a kan mai ba shi. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, gaskiya ne, amma ɗalibin da aka ba watanni huɗu ba shi da halin jayayya da ma'aikata, kuma wanda ya shiga makaranta da barazanar doka ya rufe wa kansa bakin kowane malami a cikinta.

Mu ƙaddara an yi masa karamci an kwance igiyar. A nan wahala ta biyu take farawa, wadda ta fi ta farko, domin ta farko ƙafa take gajiyarwa, wannan kuwa basira take nema. Zai ga gida-gida an ja layi: gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, aikin gida, jarrabawa, jimla. Zai ga a wani aji kusan kowane yaro yana da tsakanin 7 da 9 cikin 10 a gwajin farko, da biro iri ɗaya, da hannu iri ɗaya wanda bai canja ba daga saman shafi har ƙasa, kamar an zauna an rubuta su a zama guda. Kuma zai ga yaron da ya samu 26 cikin 30 a C.A. ya tashi da 15 cikin 70 a jarrabawa. Mene ne hukuncin wannan? Yana yiwuwa gwajin an yi shi da gaske amma ya yi sauƙi ƙwarai. Yana yiwuwa aikin gida ne yayan yaron ya yi masa. Yana yiwuwa kuma malamin da ke da azuzuwa biyar, kowanne da yara fiye da ɗari, ya ga ranar miƙa maki ta ƙarato, sai ya duba fuskokin da ya sani ya raba musu abin da yake ganin ya dace. Takardar ba za ta gaya masa wanne ne ya faru ba. Gidajen da aka ware wa halaye kuwa, irin su tsabta da gaskiya da ladabi da zuwa a kan lokaci, inda ake sa alama daga 1 zuwa 5, galibi nan ne abin ya fi tsananta, domin babu mahalukin da zai iya auna gaskiyar yara ɗari biyar da bai san sunayen rabinsu ba. Ni a ganina laifin a nan na wanda ya tsara takardar ne, ya ɗora wa malami abin da ba ya iyawa. Amma ko laifin na wane ne, mai binciken da ya kwashi waɗannan lambobi ya gina babi na huɗu a kansu ya yi gini a kan zato.

Idan kuma ya ce zai gwama makaranta da makaranta, sai wata mas'alar ta taso. Duk matar da ke aiken awo ta san mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, akwai mai tozo, akwai shafaffe, akwai wanda aka bubbuge gindinsa. Haka 70 ta wannan malami ba ita ce 70 ta wancan ba, tunda kowa shi ya tsara tambayarsa, shi ya duba, shi ya yanke inda sauƙi zai tsaya. Su kansu hukumomin jarrabawa ba sa karɓar makin da makarantu suka aiko yadda ya zo, sai sun tace shi da lissafi, sun gwama shi da abin da yaran suka yi a babbar jarrabawa. Amma sau nawa muka ga kundi ya jera matsakaicin makin makarantar gwamnati da na makarantar kuɗi, ya yanke hukunci cewa waccan ta fi wannan, ba tare da marubucin ya taɓa ganin takardar tambayoyin ko ɗaya daga cikinsu ba?

Wani ɗalibin, da ya ga haka, sai ya ce bari ya koma ga alƙaluman manyan hukumomi, WAEC da NECO, wadda aka kafa a 1999 take da hedikwata a Minna, da JAMB ta shiga jami'a, wadda ta fara aiki a 1978, tunda su mudunsu ɗaya ne a ƙasa duka. Wannan ya fi, amma shi ma yana da nasa shubuhohin. A 2014 waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi a jarrabawar WAEC ta makarantu kashi 31 ne da 'yan ɗoriya cikin 100. A 2021 suka haura kashi 81. Shin a cikin shekara bakwai, waɗanda a ƙarshensu ma aka rufe makarantu watanni saboda annobar korona, ilimin yaranmu ya ninka fiye da sau biyu? Ko tambayoyi ne suka sauya, ko wurin yanke daraja, ko shirin da makarantu ke yi wa yara, ko kuwa cibiyoyin nan da jama'a suka sani, inda ake biya a ci? Lambar ita kaɗai ba ta rarrabe waɗannan. A watan Agusta na 2025 kuwa WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 ne suka ci, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an samu kuskure wajen duba takardun da aka jujjuya jerin tambayoyinsu domin hana satar amsa, adadin ya koma kashi 62.96. Yaran su ne dai, amsoshinsu ba su canja ba. A cikin shekarar ce kuma JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon 'yan takara 379,997 a Ikko da jihohin kudu maso gabas, ta sake musu jarrabawa. Abin yabo ne hukumomin biyu suka fito suka faɗa. Darasin da ke ciki ga mai bincike shi ne, ko a isnadi mafi ƙarfi akan samu maruwaicin da ya yi tuntuɓe.

Akwai ma abin da ya fi wannan zurfi, watau cewa iyakar da ke tsakanin ci da faɗuwa mutane ne suka shata ta. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare kimanin 33,000, ta sanar da cewa 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin 100. Ƙungiyar malamai ta ce ita a kan kashi 60 aka yi yarjejeniya da ita. Ba nufina in shiga tsakaninsu ba. Abin lura kurum shi ne, da takardun amsa guda, adadin waɗanda za a kira faɗaɗɗu yana hawa ko sauka gwargwadon inda aka ja layi, kuma ɗalibin da ya rubuta "kashi kaza sun faɗi" bai faɗi wanda ya ja layin da dalilinsa ba, ya kawo rabin labari ne.

Saboda waɗannan wahalhalu, mafi yawan ɗalibai sukan gudu zuwa mafaka guda, ita ce takardar tambayoyi da ake rabawa. A tsara jimloli ashirin, a gaban kowace a ja gida huɗu: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam, a ba su maki 4 da 3 da 2 da 1, a haɗa a raba huɗu a samu 2.50, a ce duk jimlar da matsakaicinta ya kai haka an karɓe ta, wadda ta gaza an ƙi ta. Asalin wannan ma'auni na Rensis Likert ne, tun 1932, kuma an yi shi ne domin auna ra'ayi. To, a dubi abin da ke faruwa. Sunan kundin yana cewa tasirin C.A. a kan ƙoƙarin ɗalibai, amma abin da aka tattara shi ne ra'ayin malamai a kan ko C.A. tana da tasiri, waɗannan kuwa abubuwa biyu ne mabambanta. Sa'an nan a tambayi malami, a rubuce, ta hannun baƙon da shugaban makaranta ya rako ɗakin malamai, ko yana yi wa yara gwaji a kai a kai, ko yana mayar musu da takardunsu da gyara. Me ake tsammanin zai ce? Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun hana karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani ko ya tunkuɗe wa kansa cuta da shaidarsa, ba don sun ɗauke shi maƙaryaci ba, sai don tuhuma ta shiga. Mu kuwa mun mai da wannan shaida ita ce ginshiƙin bincike. Balle a zo ga yadda ake cikewa: a bar takardu talatin a hannun wani malami mai kirki, a ce za a dawo jibi, shi kuma da ya ga abokan aikinsa sun watse, kunya ta hana shi mayar da su fanko, sai ya zauna da biro biyu ya taimaki baƙo.

Haka kuma batun adadin waɗanda za a tambaya. Kusan kowane kundi yana ambaton jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ya nuna cewa mutum 384 sun isa wakiltar jama'a komai yawanta, ko ƙa'idar Taro Yamane. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sharaɗin waɗannan ƙa'idoji, cewa a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa yake da damar faɗowa daidai da ta kowa. Wanda ya raba takardunsa a makarantu huɗu da ke bakin titi, domin nan kuɗin motarsa ya kai shi, ya bar na ƙauye inda malami ɗaya ke riƙe da darussa uku, bai cika sharaɗin ba ko da ya tara dubu. Ba aibi ba ne talauci ya tsayar da mutum a bakin titi. Aibin shi ne ya rubuta a babi na biyar cewa abin da ya gani hukunci ne a kan jiha duka.

Babi na biyu, inda ake bitar abin da magabata suka rubuta, yana da tasa cutar, kuma sunanta a wurin malaman hadisi tadlisi, watau mutum ya ruwaito daga wanda bai ji daga gare shi ba, da lafazin da zai sa a zaci ya ji. Ɗalibi zai rubuta cewa Scriven a 1967 ya bambanta awon da ake yi domin gyara aiki yana cikin tafiya da wanda ake yi domin yanke hukunci a ƙarshe, ko cewa Black da Wiliam na Landan a 1998 sun nuna amfanin na farkon ga karatun yara. Duka biyun gaskiya ne, amma shi bai ga ko bangon rubutunsu ba, daga kundin wanda ya gabace shi ya kwasa, shi ma daga na gabansa, har kuskuren harafin da wani mai buga takardu ya yi shekaru goma da suka wuce ya zama gado. Uzurinsa sananne ne: mujallun ilimi na waje da tsada suke, laburaren kwaleji ya tsufa, shagunan buga takardu na bakin makaranta kuwa suna sayar da babi na biyu a dafe, yanzu ga manhajojin kwamfuta masu rubuta wa mutum abin da ya so, har su ƙaga masa sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba. Amma da ya karanta Black da Wiliam da kansa, da ya gane cewa abin da suke yabo shi ne malami ya gano inda yaro ya kakare ya gyara koyarwarsa, wanda ya sha bamban da tara maki uku a zango domin cike gida a takarda. Da kuwa tambayar bincikensa ta canja tun daga tushe. Rahotannin manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa, waɗanda ke bayyana darasi bayan darasi inda yara suka yi rauni, suna nan a intanet kyauta, kaɗan ne ke waiwayarsu.

Akwai mas'alar harshe, wadda ta isa maƙala ta kanta. Yaron da ya san amsar lissafi sarai da Hausa, aka tambaye shi da Turancin da bai gane ba, ya faɗi, shin a lissafi ya faɗi ko a Turanci? Mai binciken da bai zauna da yaro ya sake yi masa tambayar da harshen gida ba, ba shi da hanyar sani. Lokaci ma abokin gaba ne: kalandar jami'a da ta sakandare ba sa tafiya tare, yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma a sassan Katsina da Zamfara da Neja an sha rufe makarantu saboda 'yan bindiga, har shekarun da ɗalibi yake son gwamawa su zo da giɓi a tsakiya.

Abin mamaki, irin awon da manufar 1977 take nema yana nan kusa da mu, a wurin da masu furojek ba su cika leƙawa ba. A makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa a ɗora masa sabon karatu sai ya biya na jiya a gaban malam ya ji ya zauna. In ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take, ya koma ya maimaita. Kuma mai neman a kira shi alaramma sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, masana su bi rubutun suna farautar kuskure. Gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara a 1986, ta ƙara da alƙalai da maki a rubuce. Ban ce wannan tsari ba shi da nasa naƙasu ba, kuma bincikensa ma da wuya, tunda malam ba ya ajiye littafin maki, sai dai mutum ya je ya zauna a kan buzu ya saurara. Amma wannan zaman da sauraron shi ne ainihin abin da binciken jarrabawar boko ya rasa.

Abin da nake gani ya fi dacewa da ƙarfin ɗalibi shi ne ya ƙanƙanta da'awarsa, ya zurfafa dubansa. Ya ɗauki makaranta ɗaya, aji ɗaya, darasi ɗaya, zango ɗaya. Ya nemi takardar tambayoyin gwajin da kanta, ya duba ko abin da aka tambaya shi ne abin da aka koyar. Ya roƙi takardun amsa ashirin ko talatin, a rufe sunaye, ya ba wani malamin darasin ya sake dubawa ba tare da ya ga makin farko ba, ya ga tazarar da ke tsakanin hannu biyu. Ya bi maki daga takardar amsa zuwa littafi zuwa takardar sakamako, ya ga ko ya isa lafiya. Ya zauna da malamin a inuwa bayan an tashi, ba takarda a hannu, ya tambaye shi yadda yake yi da yara ɗari biyar. Sa'an nan ya rubuta abin da ya gani da iyakarsa, ya ambaci ƙofar da aka rufe masa a matsayin wani ɓangare na sakamakon, domin makarantar da ba ta iya fito da makin shekara uku da suka wuce ta riga ta ba da amsa a kan yadda ake adana C.A.

Sai dai ɗalibi ba zai iya wannan shi kaɗai ba, domin yana rubuta abin da ya san za a karɓa ne, kuma muddin malamin da ke duba aikinsa, wanda shi ma aka jibga wa ɗalibai da yawa, yana mayar da duk kundin da ba shi da jadawali da 2.50, to takardar tambayoyi za a ci gaba da rabawa. Saboda haka kirana ga shugabannin sassan ilimi a kwalejoji da jami'o'i shi ne su yarda da ƙaramin bincike mai tahƙiƙi, su ba shi makin da ya cancanta, su kuma fitar da ɗalibansu fagen aiki a lokacin da makarantu ke buɗe. Ma'aikatun ilimi na jihohi da hukumomin ilimin bai-ɗaya kuma su ƙulla yarjejeniya tsayayya da waɗannan kwalejoji, a san teburin da ɗalibi zai kai wasiƙarsa, da kwanakin da za a ba shi amsa, da sharaɗin rufe sunayen yara, domin shugaban makaranta ya samu umarnin da zai dogara da shi ya kwance igiyar nan ba tare da tsoro ba.